Ƙwallon Inabi da Ƙafar Dada

A shekarar da aka ƙara jihohi, Gombe ta koma ƙarƙashin Bauchi, aka ba Malam Yuguda gida a GRA. Ɗan ƙaramin gida ne da wani Bature mai aikin gona ya tashi ya bari. Baturen bai bar komai ba sai tsohuwar kujera da itacen inabi da ya naɗe rumfar bayan gida. Da bazara itacen kan yi 'ya'ya ƙanana masu tsami, kowanne da ƙwallo uku ko huɗu a ciki. Matar Yuguda ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce gara tsamiya, ita dai an san abin da ake yi da ita.

Yuguda ma'aikacin ɗakin gwaji ne a asibiti. In ciwo ya ƙi warkewa, sai a dangwalo ruwansa da auduga a kawo masa. Shi kuma ya shafa a kan wani farantin gilashi mai ɗauke da abinci daskararre irin wanda ƙwayoyin cuta ke so, ya ɗora 'yan guntayen takarda da aka jiƙa da magunguna iri-iri, ya rufe, ya sa a akwatin ɗumi. Washegari ƙwayoyin sun tsiro sun lulluɓe farantin. Inda magani ya fi ƙarfinsu, sai ka ga fili tas kewaye da takardar, kamar inda aka share gindin bishiya. Inda suka fi ƙarfin magani, sai su tsiro har jikin takardar.

A shekarun nan fili ya fara ƙanƙancewa. Kemis ya yi yawa a gari, kowa na sayen kafso kamar gyaɗa, ya sha biyu ya bar sauran, har ƙwayoyin cutar suka saba. Wannan ya sa Yuguda ya shiga gwada abin da ke kusa da hannu. Ya gwada bagaruwa, ya gwada tafarnuwa da ganyen darbejiya. Wata rana yana share rumfa ya ga ƙwallon inabi ya taru a ƙasa, sai ya tsince shi. Ya shanya a inuwa kwana goma, ya daka a ɗan turmi, ya jiƙa garin cikin sifirit, ruwan nan da ake goge wurin allura da shi, ya tace, ya bar shi ya tsane har ya zama wani abu ja-ja mai kauri, mai ɗaure harshe kamar ɗanyen goro.

Ranar da ya buɗe farantin ya ga fili mai faɗin sisi kewaye da takardar inabin, sai da ya zauna.

Sista Lois ta shigo karɓar sakamakon ɗakin mata ta same shi a haka. 'Yar Kaltungo ce, ta girme shi da shekara goma, ba ta kuma taɓa wuce ƙofarsa ba ta tsokane shi ba.

"Boka mai farar riga, yau me aljanun suka ce?"

"Sista, zo ki gani da idonki."

Ta ɗaga farantin wajen taga ta duba. "To, ba laifi. Saura ka gwada ƙwallon mangwaro, mu huta da odar magani daga Ikko."

Ya yi dariya, ya sake gwajin sau bakwai. Sau bakwai fili na fitowa.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Yuguda kan hau babur ɗinsa, basfa, ya tafi Pantami gaida mahaifiyarsa, Dada Asta. Shi ne ɗanta na fari, kuma Dada Bafulatana ce ta asali, irin waɗanda ke riƙe kunyar ɗan fari har tsufa. Tun da aka yaye shi bappansa ya ɗauke shi ya rena. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin asibiti". In ya zo, yakan cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, asabari a sake tsakaninsu, ya yi gaisuwa, ta amsa a taƙaice. Sauran magana ta bakin Kadijatu take bi, autar Dada, wadda ke zaune da ita tun da mijinta ya tafi kwas Kaduna. Yuguda bai taɓa jin haushin wannan ba. Haka ya taso ya gani, kuma ya san wace ce ke aiko masa da man shanu a kwalba ba tare da an faɗi daga inda ya fito ba.

Wannan Juma'ar, da ya tashi tafiya, Kadijatu ta biyo shi zaure. Hamma take ce masa, wato yaya da Fulatanci.

"Hamma, akwai magana, amma kar ka ce ni na faɗa."

"Wa kuma zan ce ya faɗa, akuyar gidan?"

"Dada ta taka garwashi. Yau sati uku. Ka san tun da ciwon sukarin nan ya kama ta ba ta jin tafin ƙafarta sosai, sai da ta ji ƙauri. Diddigen ya zama gyambo. Mun fasa kafso mun barbaɗa, ya ƙi."

"Sati uku! Kadijatu, ina asibiti kullum, sati uku?"

"Ita ta hana. Na ce mu je asibiti, ta ce wai ta je ta miƙe ƙafa a gado a wurin da kake aiki, kana shiga kana fita? Ta ce ko a mafarki."

Yuguda ya juya ya dubi asabarin daga nesa. Taku goma ne tsakaninsa da ciwon. Da wata ce daban, da ya ɗaga asabarin ya ce a kunce ƙafar. Amma shekara talatin da takwas bai taɓa tsallake wannan dokin ƙofa ba, kuma bai san yadda ake farawa ba.

Washegari ya kawo wa Kadijatu tsinke mai auduga a cikin kwalba. Ya nuna mata yadda za ta dangwalo ruwan ciwon ta mayar ta toshe. Ta shiga, ta ɗan jima, ta fito ta miƙa masa.

"Ta yarda?"

"Da ƙyar. Ta ce mutumin asibiti da kinibibi yake."

Ya shafa a faranti, ya jera takardunsa. Da safe ya buɗe akwatin ɗumi. Ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardar fenisilin. Sun tsiro har jikin ta kafson da aka yi ta barbaɗawa. Takardar inabi kaɗai ke zaune a tsakiyar filinta.

Ya kai wa Sista Lois har ɗakin mata, ya ba ta labari. Ta duba farantin, amma wannan karon ba ta yi wasa ba.

"Malam Yuguda, ka ga ƙafar?"

"Sista, kin san al'adarmu."

"Na sani. Na kuma san ƙafar mai ciwon sukari. Faranti ba ya da ƙashi, ba ya da jijiya. Ka kawo ta, ko ni ka kai ni."

"Ba za ta zo ba. Ke kuma in ta gan ki za ta san Kadijatu ta tona mata asiri a asibiti, ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Ki ba ni sati guda. In bai yi ba, ni zan zo in ɗauke ki."

"Sati guda," in ji ta. "Ina ƙirgawa."

Abin da ya faɗa mata gaskiya ne, amma akwai saura. Duk abin da ya taɓa kai wa Dada, atamfa ce ko rediyo ko fitila, sai ta raba wa maƙwabta, don kar a ce tana cin na ɗan fari. Magani kuwa ba a rabarwa. Wannan abu ne da ya tsinta da hannunsa, ya daka da hannunsa, kuma zai taɓa jikinta. Bai faɗa wa kowa haka ba. Shi kansa bai tsaya ya dubi tunanin da kyau ba.

Ya dama jan maganin da tafasasshen ruwa, ya cika kwalba, ya haɗa da bandeji da auduga. Safe da yamma, a wanke a shafa a ɗaure. Yanzu ba Juma'a kaɗai yake zuwa ba, kullum in ya tashi aiki sai ya bi ta Pantami, yana kauce wa manyan motocin da ke jigilar kaya zuwa Ashaka. Ya durƙusa a inda ya saba.

"Dada, ya jiki?"

"Da sauƙi."

A kwana na biyar Kadijatu ta tare shi da murna. Ruwan ya daina zuba, bakin ciwon ya bushe, ya fara haɗewa. Da sati ya cika ya gaya wa Sista Lois haka. Ta ce ta ji, amma har yanzu tana so ta gani. Sai aka tura ta Bauchi taron ma'aikatan jinya na kwana goma, maganar ta kwanta.

A sati na biyu Dada ta karɓe kwalbar daga hannun Kadijatu, ta ce ita ba jaririya ba ce, za ta iya ɗaure ƙafarta. A wannan satin ne kuma Yuguda ya fara tarar da ƙamshi in ya zo. Da an ji ƙarar basfarsa a lungu, sai Dada ta ce a zuba turaren wuta a kasko. Hayaƙin hawi da sandal kan biyo ta ƙarƙashin asabari ya lulluɓe shi yana durƙushe. Ba a taɓa yi masa turare a gidan nan ba. Ya ɗauka godiya ce irin tata, ta wadda ba za ta iya faɗa da baki ba. Yakan koma gida ƙamshin na jikin rigarsa, ya ƙi bayarwa a wanke.

"Tana cin abinci?" ya tambayi Kadijatu wata rana.

"Kaɗan. Ta ce zafin gari ne. Jiya ta yi rawar sanyi, ta ce zazzaɓin sauro ne, na ba ta ƙwaya."

Rawar sanyi a tsakiyar bazara. Maganar ta tsaya masa a rai har ya iso gida, sai ya tuna farantin da filinsa, ya kwantar da hankalinsa.

Ranar Lahadi da azahar Sista Lois ta tsaya a ƙofar gidansa cikin Fijon mijinta, da ɗankwalin coci a kanta.

"Na dawo jiya. Sati guda ya zama uku. Shiga mu tafi, ba shawara na zo yi ba."

Da yake da mota suka zo, ba wanda ya ji ƙarar basfa a lungu, ba a kuma zuba turare ba. Tun daga tsakar gida Yuguda ya ji warin. Ya san shi. Ya sha jin sa a ɗakin maza, a gadon da ake kewayewa da labule.

Sista Lois ta yi sallama da Fulatancinta na kasuwa, ta ɗaga asabari ta shige. Ya ji tana cewa, "Dada, ni ma uwa ce, ba a ɓoye mini." Sai kukan Kadijatu. Da Sista ta fito ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ba za ta iya takawa ba. Ni da Kadijatu ba za mu iya ɗaukarta ba. Shiga."

Ya shiga. Ɗakin ya fi yadda yake zato ƙanƙanta. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyanta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga. Ba ta da nauyi ko kaɗan, jikinta kuma zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, ta yi baƙi-baƙi. A diddigen kuwa bakin ciwon ya rufe sumul, jan maganinsa ya bushe a kai.

Likitan tiyata, wani ɗan Indiya mai magana a hankali, ya tsaga wurin ya duba, sa'an nan ya kira Yuguda gefe. Ciwon ya rufe a sama, ya ci gaba da ci a ƙasa, ya kai ƙashi. In ana son ranta, sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, yau, ba gobe ba. Da sati uku da suka wuce ne, in ji shi, da wataƙila diddigen kaɗai za a kankare.

Yuguda bai buƙaci a yi masa bayani ba, shi ke koya wa sababbin ma'aikata wannan darasi. Kadijatu ta ji tausayin uwarta, ta dangwali bakin ciwon a hankali, ba ta tura tsinken ciki ba. Abin da ke bakin ciwo shi ya tsiro a farantin, shi kuma inabin ya kashe. Amma can ciki akwai wasu ƙwayoyin da ba sa son iska, waɗanda ba sa tsirowa a irin farantinsa ko an kawo su. Maganin ya busar da ƙofa ya rufe su a ciki. Farantin bai yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye shi ya amsa.

Aka kai wa Dada takardar yarda. Ta ce ita ba ta san takarda ba, a kai wa mutumin asibiti, abin da ya ce shi ke nan. Ya sa hannu a tsaye, a kan tagar baranda.

Kafin a shiga da ita, ya zo bakin ƙofar ɗakin mata ya tsaya inda ba za ta gan shi ba. Kadijatu na zaune a gefen gadon tana kuka tana faɗa.

"Dada, don Allah me ya sa? Kina ji tana ci, kina cewa da sauƙi. Har da turare!"

"Rage murya, muna cikin mutane."

"Ba zan rage ba. Da kin faɗa, da Hamma ya kawo ki tuni."

Da Dada ta yi magana, muryar ta fito a hankali, kamar mai lissafa abin da ta riga ta gama tunaninsa.

"Kina jin yadda yake taka tsakar gidan nan in ya kawo kwalbar? Tun yana yaro ban ji ya yi tafiya haka ba. Ban goya shi ba, ban yi masa wasa ba, ban taɓa ba shi ko loma da hannuna ba. Ya zo da abu ya haɗa da kansa, yana murna, sai in aika masa cewa bai yi ba? Na ce in daure kwana biyu, wataƙila ya yi." Ta numfasa. "In ya tambaye ki, ki ce maganinsa ya yi. Ai bakin ya rufe. Ƙafar ce kwananta ya ƙare."

Yuguda ya dafa bango. Wata mai shara ta zo wucewa da bokiti ta ce, "Malam, a ɗan matsa," ya matsa.

An yi aikin da la'asar. Da aka gama, aka miƙo masa ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, domin ba a yar da gaɓar mutum. Shi da bappansa, wanda ya tsufa har yana dogara sanda, suka kai ta maƙabarta, aka haƙa ɗan rami aka rufe. A hanyar dawowa bappan ya ce, "Allah ya sa kaffara ce," Yuguda ya ce amin.

Dada ta yi kwana tara tsakanin zazzaɓi da farkawa, sa'an nan zafin ya sauka. Sista Lois ce ke wanke dungulmin da kanta kowace safiya. Wata rana ta leƙo ɗakin gwaji ta tarar ya tattara kwalaben jan maganin zai zubar.

"Ajiye su," ta ce. "Abin da ka gani a farantin nan gaskiya ne. Ka rubuta, ka aika wa masu bincike a Zariya, su bi shi a hankali yadda ake bi. Amma ka rubuta duka, har da ƙafar."

Ya mayar da su kan kanta.

Da aka kusa sallamarta, likita ya ce a nemo mata sandunan dogarawa. Na asibiti duk na maza ne, sun yi mata tsawo. Yuguda ya tafi wurin wani kafinta a bakin kasuwa, Bappayo, wanda ya saba yi wa marasa lafiya. Bappayo ya zaro tef daga wuya, ya ciro fensir daga bayan kunne.

"Na wa za a yi?"

"Na mahaifiyata."

"Allah ya ba ta lafiya. Yaya tsayinta? In ta tsaya kusa da kai, ina take kawo maka, kafaɗa ko kunne?"

Yuguda bai taɓa tsayawa kusa da ita ba. Bai sani ba ko doguwa ce ko gajera.

"To, ba a yin sanda da ka," in ji Bappayo. Ya yanko igiya ya ba shi. "Daga hammata zuwa tafin ƙafa mai lafiyar. Ka ƙulla a inda ta tsaya."

Ya koma asibiti da igiyar a aljihu. Kadijatu ta tafi gida ɗauko abinci, Sista Lois tana ɗakin haihuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ko ɗayarsu za ta dawo, har masu ziyara suka fara watsewa. Sa'an nan ya cire takalmi, ya taka zuwa gadon. Dada na kwance ta ba shi baya, fuskarta a bango.

"Dada, kafinta ya ce a auno."

Ba ta juyo ba. Can sai ta ɗaga hannunta sama kaɗan, ta riƙe shi a haka. Ya sa bakin igiyar a hammatarta, ya ja ta a hankali bisa zanen har zuwa tafin ƙafar da ta rage, ya ƙulla. Igiyar ba ta da tsawo. Ya naɗe ta a yatsunsa, ya gyara mata zanen inda ya zame, ya fita neman kafinta kafin ya rufe shago.